Uwar Ango da Littafin Hajiya Zaituna

A bakin kasuwar Dutse Alhaji, daidai inda motocin Bwari ke zubar da fasinja, akwai wata rumfar kwano da mata biyu suka raba a tsakaninsu. Ɓangaren dama na Rahmatu mai masa ne, Bakatsiniya, wadda bakinta ba ya hutawa sai in ta kabbara salla. Ɓangaren hagu na Fadimatu mai fura ne, wadda ke gangarowa kowace safiya daga rugarsu ta bayan duwatsu da ƙwaryar nono a ka. Sun tsufa tare a rumfar nan, su yi faɗa a kan inuwa da hantsi, kafin azahar gulmar wani ta shirya su.

In ka tambayi Fadimatu 'ya'yanta, za ta jero maka su tsaf, amma za ta tsallake ɗaya. Wanda take tsallakewa shi ne Zakiyyu, ɗan farinta. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba a gidansu tun kaka da kakanni, ita kuma ta kama kunyarsa ba ta sake ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko da wasa. In ta kama dole sai ta ce "ɗan Inna", wato ɗan kakar da ta riƙe shi. Shi ma da ya tashi ya ji ƙannenta suna ce mata Adda, sai ya bi sahu. Akwai wani kwandasta mai suna irin nasa da ke shan fura a wurinta, shi ma ba ta kiransa, sai dai ta yafito shi da ludayi, kuma kindirmon da take zuba masa ya fi na kowa kauri. Har yau kwandastan nan yana ganin farin jininsa ne.

Yaro ya yi boko ya zama likitan dabbobi, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari, da motarsa mai sanyi. In ya je ruga gaishe ta sai ya durƙusa a bakin ɗaki, ita kuma ta juya wa ƙofa baya tana amsa wa bango. Sai ya tafi sannan za ta fito, wai shanya za ta kwashe, ta tsaya tana kallon hanya har ƙurar motar ta kwanta. Matan ruga sun sha ganinta, kuma duk abin da matan ruga suka gani, Rahmatu ta ji shi washegari.

Ana nan sai 'yar Rahmatu da ke aure a Kubwa ta aiko mata da wata 'yar sifika baƙa, da memori cike da littattafan nan da ake karantawa. Wani mutum ne ke karatun, in ya zo maganar mace sai ya maƙale murya ta koma siririya kamar ta sauro. Rahmatu ta rataye abin a ƙusa saman tandarta ta ware shi. Littafin da suka fara da shi labarin wata attajira ne, Hajiya Zaituna, da ɗanta na fari, Nuraddeen. Matar nan daga safe har yamma ba ta da aiki sai "Nuraddeen ɗana". Ta ba shi abinci a baki, ta shafa kansa, in ya dawo daga ofis ta rungume shi a gaban masu aiki.

Fadimatu ta ajiye ludayi.

"Rahmatu, wannan yaron, na fari aka ce?"

"Na fari kuwa."

"Kuma take kiransa gatsal haka? Matar nan ba ta da iyaye ne? Kashe abin nan kafin nonona ya yi tsami."

"Nononki da tsaminsa ya baro ruga, 'yar Fillo. In ba ki so, toshe kunnenki da audugar mazari."

Fadimatu ta ja kujerarta can ƙarshen rumfa ta zauna tana tsaki. Washegari kujerar ta matso kaɗan, wai rana ce ta kore ta. Kafin sati ya zagayo kujerar tana ƙarƙashin ƙusar nan, hayaƙin tanda yana shiga idonta ba ta ko motsi. Ranar da cajin sifika ya ƙare ana tsakiyar rigima tsakanin Hajiya Zaituna da ƙanen mijinta, Fadimatu ce ta cire ta da hannunta ta ruga wurin mai caji, har tana ce masa ya tsallake layi ya fara da tata, ai tsohuwa ce.

To, daga nan fa bakin Fadimatu ya fara canzawa. Matar da a da ko kunama ta harbe ta sai ta ce "ba komai", yanzu in ciniki ya yi sanyi sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce tana cikin wani irin hali. Ta fara zargin mai shago na gefensu da cewa yana da wata manufa a ɓoye, don kawai yana yawan murmushi. Wata rana da yamma mijinta Bappayo ya dawo daga kiwo, tsoho ne dogo marar magana, ta tare shi da ruwa ta ce, "Sannu da dawowa, sanyin idaniyata." Bappayo ya waiwaya ya duba bayansa ko da wani baƙo. Da bai ga kowa ba sai ya karɓi kwanon ya sha, ya tambaye ta ko kanta na ciwo.

Duk wannan wasa ne. Abin da ya kama ta da gaske shi ne ranar da Nuraddeen ya yi haɗarin mota. Aka kwantar da shi asibiti bai san inda kansa yake ba, likitoci suka yi iya yinsu suka girgiza kai. Sai Hajiya Zaituna ta sunkuya a kunnensa ta kira sunansa, ta sake kira, a na gaba yaro ya buɗe ido. Rahmatu ta share hawaye da bakin zani, masarta na ƙonewa. Fadimatu kuwa ta daɗe tana juya ludayi a cikin ƙwaryar da ba komai.

"Rahmatu."

"Na'am."

"In da ba ta kira shi ba fa?"

"Ai da ya tafi. Muryar ce ya gane ya dawo."

"To wanda bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, me zai gane?"

Rahmatu ta buɗe baki za ta yi tsiya kamar kullum, da ta ga fuskar ƙawar tata sai ta fasa. Ta san ɗan Inna kullum yana kan titin Kubwa da motarsa, titin da tireloli ke gudu kamar an koro su.

"Ke, labari ne fa," in ji ta.

"Na sani," in ji Fadimatu. Amma ranar ko rabin furarta ba ta sayar ba ta tattara ta tafi.

Ba a daɗe ba maganar auren Zakiyyu ta taso. Yarinyar sunanta Nabilah, 'yar wani darakta ce a ma'aikatarsu, ita ma ma'aikaciya. An sa rana, an tsara ɗaurin aure da safe, da rana kuma liyafa a wani babban ɗakin taro a cikin gari, inda za a kira uwar amarya da uwar ango kowacce ta yi magana a kan ɗanta. Zakiyyu ya riga ya gaya wa Nabilah kada ta wahalar da kanta: Adda ba za ta zo ba. A wurinsu in ana bikin ɗan fari uwa gudu take yi ta ɓuya a wata ruga sai an watse. Goggo Khaula, ƙanwar babansa, ita za ta tsaya a matsayin uwa.

Nabilah ta ce to, ta ji. Ranar Asabar sai ga ta a kasuwar Dutse da takalmi mai tsini, tana tsallake kwata, tana tambayar rumfar mai fura. Ta durƙusa har ƙasa a kan tokar Rahmatu.

"Mama, ina wuni. Ni ce Nabilah."

Fadimatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta amsa wa ƙwarya.

"Mama, ya ce ba za ki zo ba, kuma na san al'ada ce, ban raina ba. Ni dai na ce bari in zo in roƙa da bakina. Ko ba ki ce komai ba, ki zo ki zauna ya gan ki. Ba ya faɗa, amma na san yana so."

Ta ajiye katin gayyata a kan faifai. Fadimatu ta jawo ƙwaryarta. Ta dama fura mai kyau, ta zuba a kofin da ba ta ba kowa, ta tura mata ba tare da ta dube ta ba. Yarinya ta shanye tas, ta yi godiya ta tafi.

"Kin ga suruka," in ji Rahmatu. "Ta shanye ba ta ko yatsine fuska ba, alhali na ga ƙuda ya yi wanka a ciki."

"Ƙudan daga tandarki ya taso."

"Za ki je?"

"In je in ce me? Ni ban iya maganar mutanen gari ba."

Sai aka yi dace, ko rashin dace, littafin ya zo ƙarshe a satin nan, kuma da bikin Nuraddeen ya ƙare. Hajiya Zaituna ta hau dandamali ta karɓi lasifika ta yi jawabin da ya sa duk mutanen cikin littafin kuka. Fadimatu ta saurara har ƙarshe, ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta ce a sake. Masu sayen masa suka haddace jawabin nan ba da son ransu ba, har wani mai tura baro in ya zo wucewa sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Nuraddeen ɗana."

Da yamma in ta koma ruga sai ta zagaya bayan garke, ta tsaya gaban wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, ta riƙe ludayi a baki ta karanto mata jawabin daga farko har ƙarshe. Matsala ɗaya ce: duk inda ta zo wurin suna, ta yi niyyar sa na ɗanta, sai harshen ya ƙi. Ta gwada a hankali, ya ƙi. Ta gwada da ido a rufe, ya ƙi. Sai ta bar Nuraddeen a wurin ya riƙe masa gurbi.

"Ranar zan canza," ta gaya wa Rahmatu.

Rahmatu ta dube ta, ta ga abin da zai faru sarai kamar a tafin hannunta. Amma Rahmatu mace ce mai son kallo. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, ranar kya canza."

Bappayo ne ya kama ta tana yi wa saniya jawabi ana jibi biki. Ya tsaya da sandarsa a wuya ya saurara.

"Da wa kike?"

"Bikin ɗan Inna zan je."

"Ki je? Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Zuciyar uwa ba ta neman izini." Wannan ma daga littafin ta ɗauko.

Bappayo ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ni dai ina wurin shanu," ya wuce.

Ranar biki Rahmatu ta rufe tanda, abin da ba ta yi ko ranar sallah. Ta ara wa Fadimatu leshinta mai ruwan goro, ta kafa mata ɗaurin ɗankwali mai hawa kamar bene, suka ɗauki tasi har ƙofar ɗakin taro. Ginin hawa biyu ne, sama ana wani bikin, ƙasa ana nasu. Suka nuna kati suka shiga. Sanyin na'ura ya bugi Fadimatu har ta ce ko ruwa za a yi. Ga fitilu da rana tsaka, ga mata da anko kala guda kamar 'yan makaranta, ga ɗan Inna can gaba a kan kujerar alfarma, cikin babbar riga fara, amarya a gefensa. Fadimatu ta ja Rahmatu suka laɓe a teburin ƙarshe bayan wani ginshiƙi. Aka kawo shinkafa ba ta taɓa ba, leɓenta kawai ke motsi. Rahmatu ta cinye nata ta jawo na ƙawarta.

Mai gabatarwa wani saurayi ne, Edward, haifaffen Abuja, mai Hausar da mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. Uwar amarya ta yi nata jawabin rabi da Turanci, aka tafa. Sai Edward ya ce, "Yanzu kuma saura mama na ango. Goggo Khaula, oya, taso ka zo ka yi mana magana."

Goggo Khaula tana gyara mayafi za ta miƙe, sai ta ga wata doguwar mace da ɗankwali mai bene ta wuce ta gabanta kamar an harbo ta. Sai da matar ta kai tsakiyar fili sannan ta gane ta. Ta koma ta zauna daɓas, ta kama baki. Zakiyyu kuwa kofin da ke hannunsa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba bai koma tebur ba.

Fadimatu ta karɓi lasifika da hannu biyu, ta rufe ido. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce. Siririyar muryar nan ce ta mai karatu in yana kwaikwayon mace, don da ita ta haddace.

"Manyan baƙi, 'yan uwa da abokan arziki, yau zuciyata ta cika ta tumbatsa. Ina tuna ranar da na haife ka a asibitin ƙasar waje, ƙanƙara tana zuba a jikin taga kamar audugar da aka yi wa shiɓa."

"Ƙasar waje?" in ji Goggo Khaula, ba a hankali ba. "Ni na yanke cibiyar nan a ruga, bayan garin Jiwa."

"Lokacin da maƙiya suka taso mu a gaba, na sayar da gidana na Maitama da gwala-gwalaina kaf don ka yi karatu, ban yi nadama ba."

A teburin matan daraktoci wata hajiya mai gilashi ta ajiye cokali, ta karkata kai. Ta taɓa ta kusa da ita. "Ke, wannan maganar ban san ta ba kuwa?"

"Suka ce ba za ka tashi ba," in ji Fadimatu, murya na rawa daidai inda ta mai karatu ke rawa, "amma na ce ƙarya kuke, ɗana zai tashi."

"Domin addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa," in ji hajiya mai gilashi da ta kusa da ita, baki ɗaya. Suka dubi juna. Ashe kowacce tana sauraron littafin a mota a hanyar ofis, gilashi a rufe, tana ce wa direba wa'azi ne. Can wani teburin ma aka fara ƙyalƙyala. Uwar amarya da kanta ta sa hankici a baki, kafaɗunta na girgiza.

Fadimatu ba ta ji ko ɗaya ba, ta yi nisa. Ta ɗaga hannu sama ta kawo ƙarshen da saniya ta sha ji.

"Ka zama abin alfaharina duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka, Nuraddeen ɗana."

Mata masu sanin littafi suka kwashe da tafi da dariya. Amma maza ba su san zancen ba, dattawan gidan amarya ma haka. Baban amarya ya ɗauko katin biki ya sa tabarau yana dubawa. Wata gwaggon amarya, tsohuwa mai kaifin murya, ta ce, "Wane ne kuma Nuraddeen? Da safe ba da wannan sunan aka ɗaura ba. Ko yaron suna biyu gare shi, ɗaya na aiki ɗaya na aure?" Ƙus-ƙus ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan.

Edward ya matso da murmushinsa na aiki.

"Mama, sannu. Ina ga ka ɓata hanya ne. Akwai wani biki a sama, wataƙila can ne yaronka yake. Bari a raka ka."

Ya ɗaga wa mai gadi hannu. Fadimatu ta buɗe ido. Ta ga mai gadi yana tahowa, ta ga ɗaruruwan idanu, sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ƙafafunta suka ce mata ga ƙofa can, ki bi mutumin nan ki fita, ki koma ruga, gobe kowa ya ce wata tsohuwa ce ta yi ɓatan kai. Ba wanda zai ce Fadimatu ta yi rashin kunya.

Zakiyyu ya yunƙura zai tashi ya fitar da ita daga ciki. Nabilah ta riƙe hannun rigarsa ta ƙasan tebur, ta ce a hankali, "Dakata tukuna."

"Ban ɓata ba," in ji Fadimatu. Wannan karon da muryarta ta kasuwa ta faɗa, mai kauri, wadda ke tsayar da kwandasta daga tsallaken titi. "Nan ne."

"To wane ne yaronka a nan, Mama? Faɗa mana sunansa."

Ta nuna da haɓa. "Ga shi can."

"Mutane da yawa a can, Mama. Suna."

Daga bayan ginshiƙi Rahmatu ta ɗaga murya, bakinta cike da nama: "'Yar Fillo, yau ce ranar canjin."

Fadimatu ta sauke lasifika zuwa cikinta, ta motsa baki. Ba wanda ya ji. Edward ya kama hannunta ya ɗago lasifikar har ta taɓa leɓenta.

"Zakiyyu."

Sunan ya fito ta kowace kusurwa ta ɗakin nan, ta sama, ta bayan labule, har ya dawo mata a kunne kamar wani ne ya faɗa. Ta tsorata ta ja baya. Da ta ga rufin bai faɗo ba, sai ta sake, a hankali, tana ɗanɗana shi.

"Zakiyyu."

Ango ya miƙe. Mutumin da ke tsayawa gaban manya ya yi bayanin cutar shanu ba gargada, ya buɗe baki sau biyu kafin murya ta fito.

"Na'am, Adda."

Ya sauko daga dandamali ya zo ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi a bakin ɗaki, sai dai yau ba bangon da za ta juya ta kalla. A littafi daidai nan aka rungume juna, kiɗa ya tashi, mai karatu ya yi sallama. Ba a faɗi abin da uwa ke cewa bayan an amsa mata ba. Fadimatu ta tsaya tana kallon fuskar ɗanta, ta ga ashe kunnuwan babanta ne da shi sak, ta ga har furfura ta fara leƙowa a gemunsa ba ta sani ba.

"Hularka ta karkace," ta ce.

Ya sunkuyar da kai, ta gyara masa da hannu ɗaya, ta ɗan danna ta ta zauna. Hannun ya daɗe a wurin fiye da yadda gyaran hula ke bukata. Mata suka rangaɗa guɗa, gwaggon amarya mai kaifin murya tana tambayar kowa, "To shi Nuraddeen ɗin fa?" hajiya mai gilashi tana ƙoƙarin ba ta labarin littafi tun daga farko.

Edward ya miƙa hannu zai karɓi lasifika, Fadimatu ta hana.

"Ban gama ba. Waccan maganar ta wata ce, aro na yi. Ni ban san ƙasar waje ba. A ruga na haife shi, ana ruwa, ɗakin yana yoyo. Bai cika kuka ba. Yana tsoron tsawa har ya girma, in ana yi sai ya shige tsakanin maruƙa." Ta juya wajen amarya, ta kalle ta ido cikin ido. "Ke yarinya, ba ya son sukari a fura. In aka sa masa zai sha don kunya, amma zai bar rabi. Kuma in ya yi shiru yana sosa bayan kunne, ba fushi yake ba, yunwa ce."

Nabilah tana dariya tana share ido ta ce, "Na riƙe, Mama."

Zakiyyu ya ɗago. "Adda, a ina kika san duk wannan?"

"Da ka ga ina kallon bango, an gaya maka bangon nake gani?" Ta dangwara wa Edward lasifikarsa a hannu. "Karɓi abinka. Kuma ni mace ce, ka daina ce mini ka."

Aka hana su komawa bayan ginshiƙi. Uwar amarya ta jawo su teburinta, matan daraktoci suka kewaye Fadimatu, ana ta musu a kan ƙanen mijin Hajiya Zaituna, ko ya tuba da gaske ko munafunci ne. Fadimatu ta ce munafunci ne, ta kawo hujjoji, aka yarda da ita. Rahmatu kuwa ta samu waɗanda za ta riƙa kai wa masa ofis ranar Juma'a, ta kuma cika jakarta da naman kaza.

Kafin direban gidan amarya ya sauke ta a bakin ruga da la'asar sakaliya, hoton bidiyon ya riga ta isa. Matan ruga sun taru a kan waya ɗaya, tsofaffi na salati, matasa na cewa a sake sa wurin hular. Da suka hango ta sai aka yi tsit. Ta wuce su da ɗankwalinta mai bene, ta ce, "Sannunku da gida," kamar daga rijiya ta dawo.

Bappayo yana bakin garke yana ɗaure maruƙa. Bai ɗago ba.

"An nuna mini," ya ce.

"To."

Ya ƙulla igiya, ya ja ya ga ta kamu.

"Wane gida ne kika sayar a Maitama ban sani ba?"

"Wanda ka gina mini."

Tsohon ya yi wani ɗan sauti a hanci, wanda a wurinsa dariya ce har da faɗuwa. Ya kama ɗan maraƙi na gaba, ya daɗe yana laluben wuyansa kamar igiyar ta ɓace.

"Da kika kira shi," ya ce, "ya amsa?"

"Ya amsa."

"Da sauri?"

"Sai da ya ɗan daɗe. Amma ya amsa."

Bappayo ya gyaɗa kai ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu abin da ake fama da shi a gidan Zakiyyu daban ne. Fadimatu ta sa an nuna mata inda ake danna lambarsa, kuma ba ruwanta da ko yana gaban oga ko yana tsakiyar taro. Waya za ta yi ƙara, ya nemi gafara ya fita da sauri yana zaton wani abu ya faru a ruga.

"Zakiyyu."

"Na'am, Adda. Lafiya?"

"Lafiya lau. Koma aikinka."

Ta kashe, ta mayar da wayar cikin lalitarta, ta ce wa Rahmatu ta ƙaro murya, an zo wurin da amaryar sabon littafin da suke saurare za ta gane wanda ya sace takardun gidan.